A Buɗe Wa Ɗalibai Masu Aikin Sa-kai Ajin Firamare

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne, shagona yana wajen Ƙofar Marusa a cikin birnin Katsina. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da ake ta nanatawa a majalisarmu, wai 'yan jami'ar nan da ke fitowa yasar kwata ko koyar da yara kyauta neman suna suke yi, su ɗauki hoto su sa a Facebook ko wani ɗan siyasa zai hango su. Maganar ta yi mini ciwo, don ni a cikin gidana na ci moriyarsu.

A shekarar 2022 malaman jami'a sun tafi yajin aiki tun daga 14 ga Fabrairu har tsakiyar Oktoba, wata takwas cur. Samarin unguwarmu da ke karatu a Zariya da Kano da Dutsin-Ma duk suka dawo gida. A lokacin 'yata ta fari tana shirin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta watan Mayu. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta wannan jarrabawa, a waccan shekarar ta 2022 tambaya 180 ce cikin awa biyu, ita kuwa yarinyar ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Na je cibiyar da ake koyarwa, na ji kuɗin, na dawo shago na zauna shiru.

Sai ga shi yara huɗu daga cikin waɗanda yajin aikin ya koro sun ari zauren wani dattijo. Suka fasa tsofaffin batiran tocila, suka kwaɓa baƙin cikinsu da ruwa, suka shafe bango ya zama allo. Kwamfutocin cinya biyu gare su, ɗaya ma da salatif aka ɗaure murfinta. Ranar farko na leƙa, na tarar da 'yata ta ɗaga hannu sama da madannan tana tsoron taɓawa, kada ta ɓata wa mutane kaya. Wata ɗaliba mai karatun kimiyyar haɗa magunguna ta kama yatsanta ta ce, "Danna, ƙanwata, ba ya cizo." Ta nuna mata A, B, C, D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya. In an ɗauke wuta su ke haɗa kuɗin litar mai daga aljihunsu. Kafin Mayu yara sun cika zauren har ƙofa, ana shimfiɗa tabarma a waje. Yau 'yar tawa tana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua.

Wata rana babbansu ya kawo mini ɗinkin wando, na ce masa, ɗana, me ya sa kuke wahalar da kanku haka? Bai yi dogon bayani ba. Ya tuna mini cewa shekarar da ya samu gurbin karatu mahaifinsa yana kwance, bayan sallar isha'i liman ya yi magana, aka tara masa kuɗin rajista a masallaci, mai ɗari biyu, mai ɗari biyar. Wallahi ni na manta har da ni aka yi. Shi bai manta ba. Yaro ne da ya san unguwa ce ta kai shi jami'a, yana jin nauyin hakan a wuyansa, kuma ba shi da naira da zai mayar, sai abin da ke cikin kansa.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mun tashi mun ga gayya. A ƙauyenmu in mutum ya kwanta ciwo da damina, samari ke taruwa su nome gonarsa, makaɗi yana bin su, mata suna dama fura. Kafin ruwa ya sauka a taru a yi wa tsohuwa yaɓe. Babu wanda ya taɓa cewa neman suna suke yi. Yau fartanyar ce ta koma alli da kwamfuta, ga kuma ɗaliban da ake bugo wa waya da tsakar dare su tafi asibiti ba da jini ga mai haihuwa ko yaro mai sikila. Addini ma ya koya musu cewa ilimin da aka amfana da shi yana cikin abin da ladansa ke bin mutum har kabari.

Ban ce duk cikinsu waliyyai ne ba. Ɗan Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke koyarwa a zaure hannunsa yake gogewa kafin ya tsaya gaban aji na gaskiya. Wani yana son takardar shaida da zai haɗa in ya tashi neman aiki, ga halin da masu digiri ke ciki kowa ya sani. To, ina laifi? Kwatar da aka yashe ta yasu, ruwa ya wuce bai shiga ɗakin kowa ba. Abin da nake tsoro shi ne masu zuwa da riguna da huluna masu hoton ɗan takara, su raba wa yaran, washegari rabin unguwa ta janye 'ya'yanta saboda bambancin jam'iyya. Na ga ƙungiya mai kyau ta watse ta wannan hanya cikin mako biyu.

Yanzu ga roƙona. Zauren nan mai gida ya mayar da shi shago, kuma ba laifinsa ba ne. Ƙannen waɗancan ɗalibai suna son ci gaba da darasin Asabar da Lahadi, sun rasa wurin zama, alhali makarantun firamare na rufe da kwaɗo duk ƙarshen mako. Ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su ba shugabannin makarantu izini a rubuce, su buɗe aji ɗaya ko biyu. Mai unguwa ya tsaya wa yaran, a rubuta sunayensu, su share ajin su mayar da mabuɗi hannun mai gadi kafin magariba. In bencina ne suka karye, mu iyaye za mu haɗa kuɗin kafinta, ni kuma labulen tagogi a kaina.

Naka,
Wani tela daga Ƙofar Marusa, Katsina.