Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kafin Ya Tafi Tsibirin Staffa

Assalamu alaikum, ɗana. Da fatan kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mahaifiyarka ta gaya mini za ku je Staffa da abokanka idan an yi hutu. Ta tsorata da jin maganar teku, ni kuwa na yi murna, don na taka tsibirin nan lokacin ina karatu a Gilasgo, kuma har gobe yana raina.

Ɗan tsibiri ne a ƙasar Sukotland, yamma da tsibirin Mull, ba gida ba mazauni. Daga ƙauyen Fionnphort da ke Mull ko tsibirin Iona ake shiga jirgin ruwa. Ga gargaɗina na farko: idan mai jirgi ya ce igiyar ruwa ta yi ƙarfi ba za a sauka ba, kada ka yi masa gardama don kuɗinka. Ya fi ka sanin ruwan nan.

Idan Allah ya sa kun sauka, za ka ga baƙaƙen ginshiƙai jere, yawancinsu masu kusurwa shida, kamar an sassaƙa su. Narkakken dutse ne ya huce a hankali ya tsattsage, yadda laka take yi a gindin tafki da rani. Hanyar shiga Kogon Fingal siririya ce, ga santsi, sai ka riƙe ƙarfen gefe da kyau. In ka shiga ka yi shiru. Ruwa na bugun bango, amonsa na dawowa, shi ya sa masu yaren Gelik suke kiransa kogo mai daɗin sauti. Ni dai da na ji, tasbihi ne ya zo bakina.

Mutanen can suna da tatsuniya, wai wani ƙato a ƙasar Ailan, Finn, ya gina gadar dutse har Sukotland. Da ya ga ƙaton can ya fi shi girma, sai matarsa ta lulluɓe shi kamar jariri. Da ƙaton Sukotland ya zo nemansa ya ga jaririn, sai ya ce in jariri ke nan, ina ga uban? Ya ruga yana rushe gadar. Wai ginshiƙan Staffa ragowar gadar ne.

Tsuntsayen pafin fa, ka tausaya musu. A rami suke sheƙa a gefen tudu, ƙwai ɗaya tak a shekara. Na ga wani ya taka bakin rami garin ɗaukar hoto, ƙasa ta rufta, abin ya daɗe yana damuna. Ka zauna nesa a kan ciyawa, da kansu za su matso. Ku je kafin watan Agusta, bayan nan sun koma teku.

Ka sa rigar sanyi mai kauri, kuma da kun dawo tudu ka kira mahaifiyarka. Allah ya kai ku lafiya.

Mahaifinka