Ku fiddo muna fina-finan su Ganda a tele

Assalamu alaikum malam edita, da fatan kuna lahiya da ku da ma'aikatanku baki ɗai. Daga Tawa nike rubuto muku game da shirin nan naku na fina-finai, ina kallo nai kusan kullum kuma ina yaba ƙoƙari, amma dai akwai abin da ke cina a rai. Duk hirar da kuke yi ba ta wuce wane ya auri wance, wace jaruma ta sayi mota, wane fayiton ya fi yawan masu kallo a YouTube. Ita kanta sana'ar bada labarin ba a taɓa ta ko kaɗan, alhali nan ne matsalar take.

Ku ɗauki fayiton ɗin Hausa na yanzu kowane iri. Alhaji na zamne bisa kujera a falo, Hajiya na zamne gefe, ya ce mata ranshi ya ɓaci, ta ce ta san ranshi ya ɓaci, sai yarinya ta shigo ta tambaya ko lahiya Abba na ga ranka ya ɓaci. Minti goma sun tahi hakanan, kamara ba ta motsa ba, in ka rufe ido ka saurara ba ka rasa komi ba, to mi ya raba wanga da wasan kwaikwayon rediyo? Sannan labarin bai ƙarewa. Episodi ɗari, ɗari da hamsin, wanda ya mutu sai a ce ashe bai mutu ba, a kawo tagwaye, a kawo mantuwar tunani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuɗin talla na shigowa ne muddin ana kallo duk sati, mai shiri kuwa bai yanke hanyar abincinshi da hannunshi. Ban ga laifinshi ba sosai. Amma mu da ke sayen forfe da guminmu mu ne ke biyan kuɗin jan labarin.

Alhali ƙasar ga tamu ta san fim tun ƙasashe da yawa ba su fara ba. Oumarou Ganda, wanda anka sa ma gidan al'adu na Yamai sunanshi, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indoshin, Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya gamu da shi Abijan yana aikin ƙarfi ya sa shi cikin Moi, un noir a 1958. Da ya kama yin nashi sai ya yi Cabascabo, labarin soja da ya komo gida da ɗan kuɗinshi abokai da mata sunka taru sunka cinye, sannan kowa ya watse ya bar shi. Fim ɗin bai kai awa guda ba amma ya je bikin fina-finai na Cannes, a Faransa, a 1969. Ba wanda ya tsaya gaban kamara yana wa'azi kan abokan banza, kai da kanka kake ganin yadda masu gaishe shi ke raguwa yayin da aljihu ke hucewa, shi ke nan ka gane. Kuma Le Wazzou polygame nashi ne ya ɗauki babbar kyauta ta farko ta FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta kahin kowa. Maganar kishiya ce fa, wadda yanzu ake ja muna har shekara biyu, shi ya gama da ita a zama guda.

Mu 'yan Tawa kuma muna da namu, Moustapha Alassane, da ya zamna garin ga shekaru da yawa har ya rasu a 2015. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, saurayi ya komo daga tahiya da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da bindigogi, ya raba ma abokanshi, sunka hau dawaki sunka addabi ƙauyensu. Zalika Souley na ciki, Allah ya jiƙanta. Abin dariya ne, amma duba abin da mutumin ya hango, yara sun kalli fim ɗin wasu sun ara rigar wasu har sun mance ko su wa ne. Wajen rabin awa ya faɗi wanga duka. Yau ma in ka zamna fada da dare kana jin samari na magana da muryar masu fassarar fim ɗin Indiya sai ka ce don su anka yi shi. Har zanen motsi ya yi da hannunshi, akwai wanda kwaɗi ke kokowa, kuma wanda ya san a Tawa anka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a 1975 ya san ba da nisa ya ɗauko ta ba. Tambayi ɗan lakwal na garin ga ko ya san shi, sai ka ji kunya.

Kada a ce ni mai kukan jiya ne. Na yanzu sun fi hoto mai kyau, sauti na fita tas, kuma da Hausa suke magana wadda inna ta ke ji ba sai an fassara mata ba, su Ganda kuwa yawanci Zabarmanci ne da Faransanci. Waƙa ma ban ƙi ta ba, mun tashi da fim ɗin Indiya ai, in waƙar na tura labari gaba madalla, wadda ban so ita ce wadda ake tsayar da komi a tahi lambu a canza kaya sau biyar a komo inda anka tsaya. Kuma akwai masu ido har yanzu, Aïcha Macky ta yi fim kan samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram a 2021, ta bar kamara ta yi aikinta, fuskokin mutanen nan kaɗai sun isa.

To roƙo na malam edita shi ne ku nemo tsoffin fina-finan ga ku riƙa sa guda duk wata, a yi musu fassarar baki da Hausa, tunda an iya yi ma na Indiya da na Turkiyya ban ga abin da zai hana a yi ma namu ba, sai dai don Allah mai fassara kada ya cika surutu inda mai fim ya yi shiru da gangan. Bayan an gama ku gayyato matasa masu ɗaukar bidiyo da wayoyinsu, suna nan da yawa Tawa da Maraɗi da Yamai, su zamna da dattawan da sunka yi aiki da su Ganda a tattauna don mi anka aza kamara nan ba can ba, don mi anka yanke nan. Kuma ku sa shi bayan isha'i ranar asabar, lokacin da mutane ke gida, ba ƙarfe biyu na rana da kowa ke kasuwa ba.

Na gode, a gaida mutanen Yamai.

Naku mai kallo,
daga Tawa