Sanarwa Kan Tattaunawar Shekarun Sararin Samaniya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tattaunawarmu ta wannan mako za ta tsaya ne kan yadda masana suka ƙiyasta cewa sararin samaniya ya kai kimanin shekara biliyan 13.8.

A shekarar 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya nuna cewa tarin taurari masu nisa suna ta ƙara nesanta da mu, kuma gwargwadon nisansu gwargwadon saurin gudunsu, wanda hakan ke nufin sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma idan aka mayar da lissafi baya za a kai lokacin da komai yake cunkushe cikin tsananin zafi. Hasken da ya kuɓuta kimanin shekara 380,000 bayan farawar sararin samaniya, shi kumbon Planck na Turai ya auna har aka fitar da wancan adadi na shekara biliyan 13.8.

A ganina, inda ya kamata mu fi daɗewa shi ne saɓanin saurin faɗaɗar, domin awon Planck ya ba da kusan 67, awon taurari masu fashewa kuwa ya ba da kusan 73, kilomita a daƙiƙa ga kowane megafasek (ma'aunin nisa ne, kimanin tazarar da haske ke tafiya cikin shekara miliyan 3.26). Ana roƙon masu tambaya su turo kafin ranar Asabar.