Edita, a riƙa yi wa masu shan maganin HIV gwajin sankara tun kafin jini ya ɓalle

Assalamu alaikum Edita, barkanku da aiki, Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina karanta jaridarku, kuma duk ranar 1 ga Disamba na kan ga kun ware shafi kan cutar kanjamau, a yi maganar gwaji da tsangwama da shan magani a kan lokaci, duk gaskiya ne Allah ya saka da alheri. Amma akwai wani ɓangare da har yau ban ga an taɓo shi yadda ya kamata ba, shine yasa nace bari in rubuto, dan wallahi abin na cina a rai tun rasuwar yayata.

Yayata ta shekara 11 tana shan maganin HIV. Mijinta ya riga ta rasuwa, ita ta riƙe yara huɗu da sana'ar ɗinki. Ban taɓa ganin mai kiyaye magani irinta ba, ƙarfe tara na dare wayarta za tayi ƙara, ko a gidan biki muke sai ta zame ta haɗiya da ruwan leda. Duk gwajin da aka mata sai a ce ƙwayar cutar ta kwanta, ba a ma ganinta a jini. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, mu duka mun saki jiki mun ce an wuce wajen. Sai ta fara ganin jini a tsakanin al'ada, tace ai shekaru ne, al'adar ce ke shirin ɗaukewa. Daga baya wani ruwa mai wari ya biyo, ta koma wanke zani sau biyu sau uku a rana, tana turara ɗakin da turaren wuta dan kar yara su gane. Ni kaina sai da na kwana a ɗakinta na ga ledar da ta shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado sannan ta faɗa min. Da muka je asibiti likita ta duba ta, ta fito ta ja ni gefe tace Hajiya sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa. Wata tara muka yi muna jinya, Allah ya karɓi abarsa.

Allah ya jiƙanta, kwananta ne ya ƙare, wannan na yarda da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shine shekara 11 tana zuwa asibiti ɗaya, benci ɗaya, ana auna nauyinta ana ɗibar jininta ana miƙa mata kwalbar magani, amma ko sau ɗaya ba wanda yace mata shiga ɗakin nan a duba bakin mahaifarki.

Bayan rasuwarta na shiga neman sani, ina tambayar ma'aikatan lafiya ina karance-karance a intanet, sai na tarar ashe masana sun daɗe da sanin alaƙar da ke tsakanin HIV da sankara. Tun farkon bayyanar kanjamau a Amurka a 1981, cikin abubuwan da suka fara ja hankalin likitoci akwai wata sankarar fata da ake kira Kaposi, wadda a can an san ta ne a jikin tsofaffi, sai gata a jikin samari a New York da Kaliforniya. Sunan wani likitan fata ne ɗan Hungari, Moritz Kaposi, shi ya fara bayaninta a 1872. An yi ta mamakin me ya haɗa ta da kanjamau har zuwa 1994, lokacin da wasu masu bincike biyu mata da miji, Yuan Chang da Patrick Moore a jami'ar Columbia da ke New York, suka gano wata ƙwayar bairos ce daban ke haddasa ta, ana ce mata HHV-8. Anan Afirka da yawa tun suna yara suke ɗaukarta ta hanyar miyau, tana zaune a jiki shiru ba ta komai, sai garkuwar jiki ta yi rauni ta ɗago kai.

To kusan haka labarin sauran yake. HIV ita aikinta karya masu gadin jiki, in masu gadi suka faɗi sai ƙwayoyin da suka daɗe a laɓe su samu sarari. Akwai ƙwayar bairos mai suna EBV da aka gano a 1964 daga ƙarin da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya yi bayaninsa a Yuganda a 1958, kusan duk baligi na ɗauke da ita, amma a jikin mai HIV tana iya jawo sankarar kaluluwa. Akwai ƙwayoyin ciwon hanta na B da C masu kai mutum ga sankarar hanta. Sai kuma HPV, wadda ta ɗauke min 'yar'uwa. Wani Bajamushe Harald zur Hausen shi ya tabbatar ita ke jawo sankarar bakin mahaifa, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008, a shekara ɗaya da Faransawa biyun da suka gano HIV.

Ita HPV ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma dan Allah kar wani ya ɗauka sai mai yawon banza, yawancin masu aure sun taɓa haɗuwa da ita ba su ma sani ba, jiki ne ke kore ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Matsalar mace mai HIV jikinta ba ya iya kore ta da sauƙi, sai ta zauna tana canza fatar bakin mahaifa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a jikin mace mai cikakkiyar garkuwa abin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara, amma in garkuwa ta yi rauni shekara 5 zuwa 10 ya isa. Kuma mace mai HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin kamuwa da wannan sankarar har ninki shida. Ninki shida fa Edita! Tun 1993 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta saka sankarar bakin mahaifa cikin cututtukan da in an gansu a jikin mai HIV ake cewa ta kai matakin kanjamau. Sama da shekara talatin kenan da sanin wannan, amma maganar bata iso bencin da yayata ke zama ba.

Ban ce maganin HIV ba ya aiki ba, Allah ya kiyaye in faɗi haka, shi ya ba ta shekarun da ta ga auren babbar 'yarta. Akwai wani babban bincike mai suna START da sakamakonsa ya fito a 2015, mutum 4,685 daga ƙasashe 35, aka raba su biyu, wasu suka fara magani nan take wasu aka jira sai garkuwarsu ta sauka. Cikin waɗanda suka fara da wuri mutum ɗaya ne kacal ya samu Kaposi, cikin waɗanda aka jinkirta mutum 11. A shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma tsarin duk wanda gwaji ya nuna yana da ita a ɗora shi kan magani ba jira. Kenan wanda ke ɓoye takardar gwajinsa a ƙasan akwati yana cewa ai lafiyata ƙalau, ƙofa yake buɗe wa sankara. Amma bakin mahaifa shi nasa daban ne, ko an kwantar da HIV in HPV ta riga ta fara ɓarna tana iya ci gaba, magani kaɗai ba ya wadatarwa sai an leƙa an duba.

Kuma dubawar ba wani abu bane mai wahala, nan ne abin ya fi min ciwo. Ni na je an min bayan arba'in ɗinta. Nas ce ta shafa ruwan binega da auduga, ta jira kamar minti ɗaya ta haska da fitila, in akwai wajen da ya fara lalacewa zai yi fari, tace min nawa lafiya lau, na ɗaura zanina na fito ko minti goma ban yi ba. Tace in da ta ga farin akwai wata 'yar na'ura mai ɗumi da ake ɗora wa wajen ta ƙone shi, ba tiyata ba kwanciya. Akwai ma gwajin da ya fi wannan inganci wanda ke neman ita ƙwayar HPV ɗin kanta, kuma mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta a ɗaki ita kaɗai ta miƙa, wannan ya yi maganin kunyar da ke hana matanmu zuwa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 tace mace mai HIV ta fara gwaji tun tana shekara 25, ta riƙa maimaitawa duk shekara 3 zuwa 5, sauran mata kuma daga shekara 30. Zambiya tun 2006 suka saka gwajin binegar nan a asibitocin gwamnati, suka fara da matan da ke karɓar maganin HIV, nas-nas ne ke yi. Na san a nan ma akwai asibitocin da ke yi, an gode musu, amma ya kamata ya zama dole a kowane wajen karɓar magani, a rubuta a katin mace kamar yadda ake rubuta ranar ɗibar jini.

A 2020 kiyasi ya nuna mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Binciken ƙasa na 2018 kuma yace mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV, kuma mata sun fi yawa. Duk mai lissafi in ya haɗa biyun nan ya san inda ya kamata a fara.

Maza ma kar su ce ba ruwansu. A layin karɓar magani na taɓa ganin wani bawan Allah ƙafarsa ta kumbura ta yi tauri, duk baƙaƙen tabo kamar an ɗiga masa kwalta, yana cewa jifa ne aka masa a kasuwa, wata shida yana shafa maganin gargajiya. Irin wannan tabon a ƙafa ko a dasashi ko a ganɗa, ko kaluluwar da ta fito a wuya ko hammata ta ƙi komawa ga zufar dare ga rama, a nuna wa likita a yanki ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaji. Wannan maganar da muke yi ta cewa daji ba ya son allura ta kashe mana mutane da yawa wallahi. Kaposi na jin magani, an yi gwaji a Kenya da Malawi da Yuganda da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu da Brazil, sakamakon ya fito a 2020, ya nuna allurar paclitaxel haɗe da maganin HIV ta fi sauran magunguna masu arha da aka saba bayarwa aiki ga wanda ciwonsa ya yi nisa. Sai dai kuɗinta a aljihun majinyaci yake, maganin HIV kyauta amma ranar da aka ce sankara ce sai a saida gona da keken ɗinki, mu namu keken muka fara sayarwa.

Na san akwai masu jin kalmar bincike ko rigakafi gabansu ya faɗi, kuma ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Abin da ya faru da yara a Kano a 1996 lokacin gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer ba a manta ba. Amma gyaran wannan shine likitocinmu na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos su riƙe binciken da hannunsu, a yi wa mutum bayani da Hausa ya yarda kafin a taɓa shi, a dawo a faɗa masa abin da aka gano. Yawancin alƙaluman da na kawo a sama daga wasu ƙasashe suke, muna buƙatar namu na Arewa, mata nawa ke karɓar magani, nawa aka duba, nawa aka kama da wuri. Cibiyar binciken sankara ta ƙasa NICRAT da hukumar yaƙi da cutar kanjamau ta ƙasa NACA su zauna teburi ɗaya kan wannan, balle yanzu da muka ga yadda tallafin Amurka ya girgiza a farkon 2025, kowa ya gane dogaro da na waje ba tabbas.

Rigakafin HPV kuma ya shigo Najeriya tun Oktoban 2023, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya. Na ji masu cewa na hana haihuwa ne, ni dai na kama hannun autar yayata da tawa 'yar na kai su da kaina. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, yarinyar da ke ɗauke da HIV allura ɗaya ba ta isar mata, aƙalla biyu ake so in da hali uku, dan haka uwa ta faɗa wa ma'aikaciyar a asirce dan a ba ta ranar dawowa.

Roƙona gare ku Edita, ku tura wakilanku asibitocin da ake raba maganin HIV a jihohinmu su tambaya ko ana duba bakin mahaifa a wajen, kyauta ne ko nawa ake biya, wace rana ake yi, in an ga matsala ina ake tura mace, sai ku buga mana jerin a jarida da shafinku na Facebook yadda za mu tura wa juna a WhatsApp. Ƙawayen yayata uku da suke karɓar magani tare sun ce in na samo musu wajen da ranar za su je, na yi musu alƙawarin zan raka su.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku a kullum,
wata 'yar'uwa daga Kano