Kalmar "plenitude": cika ce ko yalwa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin masu fassara labarai a kan wata kalmar Turanci, wato "plenitude". Ba kasafai ake cin karo da ita ba, amma duk ranar da ta faɗo a jawabin wani shugaba ko a hukuncin kotu, sai ka ji an fassara ta da "yawa" an wuce. Sau da dama ma'anar ke nan ta zube a hanya.

Asalinta Latin ne: "plenus" na nufin abin da ya cika, "plenitudo" kuma cikar kanta. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci, ana kuma samunta a rubuce tun ƙarni na 15. Gaɓa uku gare ta, ana danna murya a kan ta farko. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sabawa da ita, domin "plénitude" ta fi yawo a bakin masu Faransanci.

Ma'ana biyu take ɗauka, kuma Bahaushe yana da kalma ga kowace. Ta farko ita ce cika, wato abu ya kai maƙura babu inda ya rage, kamar randar da aka zuba wa ruwa har ta cika maƙil. Ta biyu yalwa ce: kaya jibge a kasuwa lokacin kaka, ko'ina ka duba akwai. Randa ɗaya tana iya cika alhali ruwan cikinta bai kai tulu biyar ba, ka ga cika daban, yawa daban.

Ga dabarar rabewa. In aka ce "a plenitude of", sannan aka kawo abin da ake ƙirgawa ko aunawa, kamar abinci ko hujjoji, to yalwa ake nufi. In kuwa "the plenitude of" ce, aka bi ta da iko ko ƙarfi ko hikima, mafi yawan lokaci cika ce. Saboda haka "the plenitude of his powers" cikakken ikonsa ne, wanda babu sauran wani yanki nasa a hannun wani. Mai fassarar da ya ce "yawan ikonsa" ya sauya maganar. Wannan ma'ana ta iko tsohuwa ce ƙwarai. Paparoma Innocent na Uku, wanda ya yi mulki daga 1198 zuwa 1216, ya yi ta kafa hujja da "plenitudo potestatis", wato cikar iko, don nuna cewa ikon coci kacokan yana hannunsa.

Danginta ma sun fi ta shiga labarai. "Plenary" da ake ji kullum daga Majalisar Tarayya tushensu ɗaya. Zama ne na ɗaukacin majalisa a zaure, saɓanin zaman kwamiti. Amma kada a ɗauka sai kujeru sun cika: sashe na 54 na tsarin mulkin 1999 ya ce kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa ya isa a zauna, wato sanatoci 37 cikin 109, ko wakilai 120 cikin 360. Don haka "zaman zauren majalisa" ya fi dacewa a kan "cikakken zama", wanda kan sa mai sauraro ya zaci kowa ya hallara. Haka "plenipotentiary" da ke cikin laƙabin jakadu: jakada ne mai cikakken ikon wakiltar ƙasarsa.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Wasu kan cusa "t" su rubuta "plentitude", saboda "plenty" tana jan hannunsu. Wasu ƙamusoshi sun shigar da ita, amma edita mai tsantseni zai goge harafin. Wasu kuma kan rikita ta da "platitude", wadda ke nufin maganar da aka maimaita har ta yi lami. Ka yi wa babban baƙo wannan musanya a wajen taro, ka zage shi kana zaton yabonsa kake.

Cikar ciki kuwa ba hurumin wannan kalma ba ne. Wanda ya ci tuwo ya yi nak, "repletion" ko "satiety" Bature zai ce a rubutu, mu kuma mu ce ƙoshi.

Na gode.

Naku,
Wani malamin Turanci, Zariya