Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Cinyewar Robobin Babur Ɗin Ƙanƙara

Timmins, Ontario,
Kanada.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin Minnesota bai matsa muku ba. Hotunan ƙarƙashin babur ɗin ƙanƙarar da ka saya na hannu sun iso, na kuma duba su da kyau a gareji. Ka tambaye ni ko ka sayo sababbin robobin zamiya ka ɗaura kawai. Shawarata ita ce ka dakata tukuna, domin robar hagu da ta cinye ta bar ta dama kusan sabuwa tana nuna akwai matsala a wani wurin, kuma muddin ba a gano ta ba, sababbin ma haka za su ƙare kafin sanyi ya fita.

Robobin nan biyu suna liƙe ne a ƙasan dogayen sandunan alminiyam da ke ɗauke da nauyin babur, bel kuwa, wato faffaɗar robar da ke zagayawa tana tura babur a kan dusa, yana wucewa a ƙarƙashinsu, kuma 'yan ƙarafan da aka matse a jikin bel ɗin su ne ke gogar robar. Ba giris ba mai a tsakaninsu. Dusar ƙanƙarar da bel ke watsowa ce ke sanyaya su, ta kuma sa su santsi. Babur ɗin ƙanƙara na farko ƙirar Ski-Doo, wanda kamfanin Bombardier ya fitar a garin Valcourt na Kanada a 1959, a kan ƙananan tayoyi yake tafiya a cikin bel, ba robar zamiya ba. Tsarin zamiyar daga jiharku ya fito, kamfanin Arctic Cat na Thief River Falls ne ya yaɗa shi a shekarun 1960, domin ya fi laushin tafiya. Sai dai ya zo da sharaɗi, wato dole nauyi ya sauka daidai a kan sandunan biyu.

Abin da na fi zargi a naka shi ne saitin bel. Ka tuna yadda ake jan sarƙar babur a gida, inda ake ɗaure noti a kowane gefen tayar baya, kuma idan gefe ɗaya ya fi ɗauruwa tayar ta karkace. Haka wannan yake, akwai kusoshin saiti biyu a gindin tayoyin baya. Ka ɗaga bayan babur ɗin a kan abin da ba zai goce ba, ka tabbatar babu kowa a bayansa, musamman yara, domin bel na iya cillo dutse ko ƙarfe. Ka tayar da inji, ka ba shi totur kaɗan har bel ya zagaya sau da yawa, sannan ka bar shi ya tsaya da kansa ba tare da ka taɓa birki ba. Bayan ka kashe inji, sai ka auna tazarar da ke tsakanin roba da haƙoran da ke riƙe bel a kowane gefe. Idan bel ya koma hagu, ka sassauta kusar gindin tayoyin, ka ƙara ɗaure kusar saiti ta hagu kaɗan, ka sake gwadawa har tazarar ta yi daidai. Daga nan ka duba ɗaurin bel ɗin gaba ɗaya. Littafin kamfani ya faɗi nauyin da za a rataya da kuma yawan lotsawar da ake so, kuma ka bi na irin babur ɗinka, domin awon ƙirar Polaris dabam yake da na ƙirar Ski-Doo. Mutane da yawa suna ɗaure bel tamau don tsoron kada ya tsallake haƙori, alhali wannan ɗaurin ne ke cin roba da man fetur tare.

Idan saitin ya fito daidai, sai ka koma kan ƙananan tayoyin da ke jikin sandunan. Ka juya kowace da hannu. Wadda boris ɗinta ya mutu za ka ji tana gurnani ko tana rawa, wadda robarta ta zaizaye kuwa ta ƙanƙance, ba ta taɓa bel, sai nauyin da ya kamata ta ɗauka ya sauka a kan robar zamiya. A hotonka na biyu na ga wani rami a robar hagu dab da wata taya, kuma na fi zaton wannan tayar ce ta gaza. Ka ɗora doguwar rula a jikin kowace sanda ka ga ko ta lanƙwashe, domin mai yiwuwa mai shi na da ya daki kututture ko dutse bai faɗa maka ba. Ka kuma duba saitin sifirin na baya, ya zama hagu da dama suna kan mataki ɗaya, ka ƙirga 'yan ƙarafan bel ko wasu sun faɗi ko sun kumbure.

Cinyewar da ka gani a gaba, wurin da sanda ta lanƙwasa sama, wannan kada ta tayar maka da hankali. Kusan kowane babur nan yake fara ci, da sauri da farko, sannan ya lafa idan tayoyin sun soma karɓar nauyi. Na sha ganin an jefar da roba mai sauran rai saboda wannan wurin. Akwai layi a gefen robar da ke nuna iyakarta, kuma shi ne abin dubawa. Amma idan cin ya kai layin, ko da a wuri ɗaya ne, kada ka ƙara hawa, domin da zarar ƙarfe ya sami alminiyam, kuɗin sanda ya ninka na roba nesa ba kusa ba.

Sai kuma inda kake tuƙi. Ka ce kana yawan bin gefen titi da kan tafki. Gefen titi cike yake da yashi da gishirin da ake zubawa, kuma sau da yawa gefe ɗaya na bel ne ke kan tsakuwa. Kan tafki kuwa, idan iska ta share dusar, ƙanƙara ce tsantsa, roba ta yi zafi har ka ji ƙaurinta, wani lokaci idan ka tsaya ta manne da bel. Ka sayi ƙarafan nan masu kartar ƙanƙara da ake ɗaurawa a jikin sanda, suna watsa ɓarɓashi a kan roba, kuma ka riƙa ratsewa cikin dusa mai laushi lokaci zuwa lokaci.

Idan ka zo canji, ka canza biyun tare. A shagon kayan gyara ka ce hyfax kake nema, ka ba su sunan babur da shekararsa. Ana cire kusar gaba, a daidaita ƙarshen robar da ɗaya daga tagogin bel, wato ramukan da ke jere a jikinsa, a bugo ta ta baya, sabuwar kuma a shafa mata ruwan sabulu don ta shiga da sauƙi. Tafiyar farko ka yi ta a hankali cikin dusa mai zurfi, sannan ka sake auna saitin.

Ka aiko mini da awon tazarar hagu da dama, da hoton tayar da na ambata, kafin ka sayi komai. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini.