Roƙon fili a rediyo don lafiyar dabbobin gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku tare da dukan ma'aikatan wannan gida, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma haƙuri da zafi. Ni mai sauraronku ne a nan Damagaram, kuma roƙo ne ya kawo ni. Ku taimaka ku buɗe mana fili, ko na minti 15 ne a mako, inda likitan dabbobi zai zauna ya koya wa jama'a yadda ake gane dabbar gida ba ta jin daɗi tun ciwo bai kai ta ƙasa ba.

Ba garken makiyaya nake nufi ba. Makiyayi yana da idon da mu mutanen gari ba mu da shi, daga tafiyar saniya kawai yake gane akwai matsala. Ina magana ne kan abin da ke cikin gidajenmu daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Sabon Gari: ragon da ke turke, akuyar uwar gida, karen gadi, kyanwar da ke hana ɓera sakat, tantabarun samari, da dokin da ake kiwo don hawan salla. Kullum muna tare da su, muna zuba musu abinci muna wucewa, amma kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su dube su. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Dabba ba ta da bakin da za ta ce kaina ke ciwo. Bayan haka, ɗabi'arta ce ta ɓoye rauni, musamman tumaki da tsuntsaye da kyanwa, domin a daji wadda ta nuna kasala ita ake fara kamawa. Shi ya sa ranar da mai gida ya ce “jiya lafiyarta lau, yau ta faɗi”, sau da yawa ciwon ya kwana biyu yana cin ta. Alamun suna nan, ba a kula ba ne. Ta rage cin abinci, ta ware kanta a lungu, tunkiya ta daina tuƙa, gashi ya tashi ya daina sheƙi, kashi ya canza, hanci ya fara majina. Wanda ya ja fatar idon akuyarsa ta ƙasa ya ga cikin ya yi fari maimakon ja-ja, ya san jini ya ragu, kuma da damina tsutsar ciki mai shan jini ce kan gaba wajen haddasa haka. A kare da kyanwa dasashi ake dubawa. Wannan duk ba ya cin ko dala.

Bari in tsaya kan ragon layya, don shi ne ya fi taɓa aljihun mutane. Wani maƙwabcina ya sayi Balami ƙato ya ɗaure, yana ta ɗura masa dusa safe da yamma don ya cika ido ranar salla. Wata safiya yaransa suka ga ragon yana tsayawa ya buɗe ƙafafun baya, yana yunƙuri, yana kaɗa wutsiya, yana cizon haƙora, ɗigo biyu uku ne kawai ke fita. Aka ce ai cikinsa ne ya ɗaure, aka ɗura masa mai. Ƙasan turken kuwa a bushe take ƙayau, ba wanda ya lura cewa tun jiya ragon bai jiƙa ta ba. Washegari ya yi shiru kamar ya samu sauƙi, aka yi hamdala, sai ciki ya fara kumbura. Da aka kira likitan dabbobi ya ce tsakuwa ce ta toshe hanyar fitsari, mafitsara ta riga ta fashe, shirun nan da aka gani shi ne alamar fashewar. Wuƙa aka sa masa, naman kuma yana warin fitsari.

Wannan ciwon ba baƙo ba ne, kuma dalilinsa sananne ne. Dusa da hatsi suna da sinadarin fosfaras da yawa, idan suka rinjayi harawa da ciyawa, ga kuma ƙarancin ruwan sha, sai tsakuwa ta taru a mafitsara. Hanyar fitsarin rago doguwa ce siririya, ƙarshenta kamar zare, nan tsakuwar ke maƙalewa. Mu kuwa a Damagaram kowa ya san halin da muke shiga kan ruwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Gidan da ke sayen ruwa a jarka, dabba ce ta ƙarshe a layin sha. Idan an gane a ranar farko, sau da yawa likita yana iya yanke ɗan ƙarshen nan ya buɗe hanya. Idan an bar shi kwana ɗaya zuwa biyu a toshe, sai dai haƙuri. Haka zancen leda yake. Akuyar da ke yawo a bola tana haɗiyar leda, tana ramewa a hankali alhali cikinta na nan tim, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza.

A nan ne nake da ƙorafi kan kanmu. Idan dabba ta nuna alama, likitan dabbobi shi ne na ƙarshe da muke nema. Farko a tambayi maƙwabci, sai a tare mai tallan magani a kan tire, wanda ƙwayoyinsa suka yini a rana, a sayi kafso a buɗe a zuba a ruwa, ba awo, ba sanin ciwo. Wasu har allura suke yi da kansu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina so likitan da za ku gayyato ya faɗa da babbar murya cewa farasitamol, wanda muke sha kamar ba komai ba, guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Mai kyanwar kuwa tausayi ne ya sa ya ba ta. Ya kuma bayyana cewa dabbar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta tana da kwanakin da ba a cin namanta, ba a shan nononta, kuma a jikin kwalbar aka rubuta su.

Rago dai yana da kuɗi a kasuwa, don haka ko ba jima ko ba daɗe za a nema masa magani. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne kare. Muna ajiye shi ya kwana yana tsaron gida, amma idan ya kwanta ciwo sai a ce ai kare ne. Kaska ta cika masa kunnuwa da tsakanin yatsu, tana sa masa ciwon da ke shanye jini, ba mai cirewa. Ɗan kwikwiyo ya kama amai da zawo mai jini da wari, ciwon da ake kira farbo, wanda ke ƙarar da ruwan jikinsa cikin ƴan kwanaki, alhali akwai rigakafinsa da ake farawa tun yana mako 6 zuwa 8, kuma ko ya kamu, ƙarin ruwa da wuri yana ceton da yawa. Addininmu bai koya mana wannan sakaci ba. Malamai suna karanta mana hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Duk mai ran da ka ɗaure a gidanka amana ce a wuyanka.

Wanda tausayin kare bai motsa shi ba, to ya dubi ƴaƴansa. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a duniya kowace shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Yaro ne ke wasa da kare, shi ne ke jifarsa a hanya, shi ne kuma ke ɓoye cizo ko yaƙushi don tsoron duka.

Mutane sun ɗauka mahaukacin kare shi ne mai gudu yana cizon duk abin da ya gani. Akwai wannan, amma akwai wani nau'in mai shiru, kuma shi ya fi yaudara. Karen da aka sani da fara'a sai ya koma ɓuya a ƙarƙashin gado, ko mai faɗa ya yi laushi ba dalili. Haushinsa ya canza, muƙamuƙin ƙasa ya saki, baki a buɗe, yawu na zuba, ya kasa haɗiya. Mai gida sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya tura hannu cikin bakin don ya ciro. Cutar kuwa a cikin yawun take, ɗan tsagu a yatsa ya ishe ta shiga. Duk karen da ɗabi'arsa ta juya haka, a killace shi ba tare da an taɓa bakinsa ba, a kira ma'aikatan dabbobi.

Idan kuma cizo ya auku, abin yi na farko yana cikin kowane gida: a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, a fara allura. Ba a jira a ga yadda karen zai ƙare kafin a fara. Shi karen, idan ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi likita ya sa masa ido aƙalla kwana 10. Ƙona gashin karen a shafa a ciwon, kamar yadda wasu ke yi, ba ya hana komai. Cutar tana iya yin wata 2 zuwa 3 tana bin jijiya a ɓoye, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, ciwon ya warke a manta da shi. Ranar da ta kai ƙwaƙwalwa, mutum ya fara tsoron ruwa, babu likitan da ke da magani a Yamai ko a Faransa. Tun 1885 Louis Pasteur, masanin kimiyya ɗan Faransa, ya yi wa wani yaro allurar farko ya tsira, amma har yau muna rasa yara saboda ba a sani ba. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar tana yankewa, kuma a kan haka ne hukumomin duniya suka sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da suke son a daina mutuwa da ita.

Masu tantabaru da kaji su ma suna da nasu. Tantabarar da ta takure, ta hura gashi, ta ƙi sauka cin tsaba, a buɗe bakinta a duba. Idan akwai wani abu rawaya-rawaya manne a maƙogwaro, a ware ta nan take, domin ta kaskon ruwa sauran ke ɗauka. Sabon tsuntsun da aka sayo a kasuwar Alhamis kada a jefa shi cikin akurki a ranar, ya yi mako biyu shi kaɗai tukuna. Idan kuwa aka wayi gari tsuntsaye suna zubewa da yawa lokaci guda, ba na yankawa a ci ba ne, ba na kai wa kasuwa da sauri ba ne, na kai rahoto ne. Mutanen jihar nan ba su manta ba, a Magarya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar cikin watan Fabrairun 2006. Doki kuma, da ya fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, yana gumi, a janye abinci a kira likita, don ciwon cikin doki awoyi yake ƙirgawa.

Na san abin da wasu masu sauraro za su ce: mutum bai samu kuɗin maganin ɗansa ba, ana zancen kare da kyanwa. Magana ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Amma talaka ne ya fi kowa asara idan akuyarsa ɗaya tilo ta mutu, don ita ce ajiyarsa ta ranar buƙata. Kuma ciwon da aka tara da wuri shi ne mai arha. Allurar kare sau ɗaya a shekara ba ta kama ƙafar kuɗin alluran da za a yi wa yaron da ya ciza ba, balle zirga-zirgar nemansu. Ƙaramin ma'aunin zafi na farmasi ya isa gida: zafin jikin lafiyayyen kare ko kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39, na doki tsakanin 37.5 da 38.5. Wanda ya kira likita ya ce “tun jiya bai ci ba, zafinsa 40, dasashinsa ya yi fari” ya rage masa rabin aiki.

Don haka, Malam Edita, ga yadda nake ganin filin zai yi amfani. A yi shi da Hausa, da yamma lokacin da mata da yara ke gida, tunda su ne ke ba dabbobin nan abinci, su ne kuma ke fara ganin canji. A buɗe waya mutane su kira su faɗi abin da suke gani. A bi yanayin shekara: zancen rago wata biyu kafin babbar salla, zancen tsutsa da kaska da faɗuwar damina, zancen kaji da shigowar hunturu. A riƙa sanar da ranakun da ma'aikatan gwamnati ke fita rigakafin tumaki da awaki, don mutanen cikin gari da yawa suna zaton na ƴan karkara ne kawai. A gaya mana a fili inda ofishin likitocin dabbobi yake, da lokacin da ake samun su, da kuɗin allurar kare, domin rashin sanin farashi kansa yana hana mutane zuwa. Ranar 28 ga Satumba kuma, wadda duniya ta ware don yaƙi da haukan kare, ina roƙon ku haɗa kai da masu unguwanni da limamai a fitar da wuri a kowace unguwa inda za a kawo karnuka a yi musu allura, ku kuma ku fara shela tun mako biyu kafin ranar.

Allah ya ƙara wa gidan nan albarka. Na gode.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram